Teburin Gidan Malam Lauwali Ya Rasu a Tsaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da ya fi ƙarfin maigida, ni Malam Lauwali Mode, tsohon hedimasta, mazaunin Wurno, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gari da na Rabah da Goronyo da Kagara rasuwar teburin cin abincin gidana. Ya rasu a falo, a tsaye bisa ƙafafunsa huɗu, bayan doguwar jinya ta kayan da aka riƙa ɗora masa. Na so in buɗe wannan sanarwa da addu'ar da ake yi wa mamata, sai limamin unguwarmu ya ce in ji tsoron Allah, katako ne. Na bi maganarsa. Amma bai hana ni baƙin ciki ba, don haka ga shi ina yi.

An haifi marigayin a rumfar Halliru kafinta da ke bayan kasuwar Goronyo, shekaru huɗu da 'yan kai da suka wuce. Jan katako ne mai kauri, an shafe shi da fenti mai ƙyalli, har mutum yana iya gyara zaman hularsa a fuskarsa. Ya zo duniya tare da kujeru shida. An ɗauko shi zuwa Wurno a bayan a-kori-kura, ƙafafu sama, bisa buhunan albasar wani bawan Allah, shi ya sa har ƙarshen rayuwarsa in ka kai hanci kusa za ka san daga wace kasuwa ya fito. Ranar da ya iso sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya shiga. Maƙwabta suka taru kallo. Wata tsohuwa ta zagaya shi, ta danna shi da tafin hannu, ta tambaya ina katifarsa, kuma da wane tsani za a riƙa hawa.

Wajibi ne in faɗi dalilin zuwansa, domin ba a yi wa mamaci adalci ba in an ɓoye aikin da aka kawo shi ya yi. Tun ina saurayi ban saba cin tuwon dare ni kaɗai ba. A unguwarmu ciyayya muke yi: in an idar da magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, a ci na wannan a ci na wancan, a yi gardamar kasuwar albasa da ta wanda miyar gidansa ta fi gishiri. Mu uku muka fi daɗewa a kan tabarmar. Malam Iliyasu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Alhaji Mainasara kuma ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa Sakkwato, wai don ya fi kusa da asibiti. Samarin da suka taso kowa a ɗaki yake ci, waya a hannun hagu. Yaranmu sun watse: Yazid yana aiki a Rabah, Zakiyya tana aure a Goronyo, auta Mashkura tana karatun jinya a birni. Gida ya rage daga ni sai mai ɗakina, Hajiya Habi.

Ita kuwa Hajiya, tun ranar da aka kawo ta ɗabi'arta ɗaya ce. Ta kawo tire, ta durƙusa ta ajiye, ta ce ga abinci Malam, ta koma madafi ta ci nata a can. Lokacin da nake da abokan ci ban taɓa lura ba. Da suka ƙare sai na gane ashe mutum yana iya zama gaban malmala biyu da miyar kuka mai man shanu ya rasa ta inda zai fara. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, kuma namiji mai furfura ba shi da inda zai kai irin wannan ƙara. Ana cikin haka na je Rabah duba Yazid, na tarar da shi da matarsa bisa tebur ɗaya suna ci suna hira, har tana miƙa cokali cikin farantinsa tana ɗauke masa nama. Na yi gyaran murya, na kawar da kai kamar yadda ya dace da suruki. Amma tun daga Rabah har Wurno abin yana raina. Da na iso gida sai na ce wa Hajiya gidan ɗan boko ya kamata a ce akwai teburin cin abinci. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Ta ce to, Malam.

Marigayi mai haƙuri ne, ba shi da abokin faɗa. Ba a taɓa ɗora masa abu ya ture ba. Ba ya tambayar na wane ne, ba ya tambayar yaushe za a ɗauke. Maganarsa kaɗan ce. In ka dogara gwiwar hannu a gefensa sai ya ce ƙiiƙ, a hankali, kamar mai neman gafara. In an dire masa tasa ya ce ɗas. In jika ya buga kai da kusurwarsa ya ce gwaf, jikan ya ƙarasa sauran. Da zafi kyanwa takan kwanta a inuwarsa, bai taɓa korar ta ba. Aibinsa ɗaya ne, ƙafarsa ta baya ta ɗan gaza 'yan uwanta tsawo, ko kuma daɓen falona ne bai daidaita ba. Ni da Halliru ba mu taɓa sasantawa a kan wannan ba. Muka naɗe kwalin sukari muka cusa masa, ya karɓa bai ce komai ba.

Aikin da aka haife shi dominsa kuwa, yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga yawan lokutan da ya yi shi. Ranar farko na yi wanka, na sa farar riga, na zauna a kujerar kai. Hajiya ta jera kwanoni, ta zuba mini, na ja kujerar da ke fuskantata na ce bismilla. Ta dubi kujerar, ta dubi ƙofa, ta ce kamar ta ji akuya ta kwance. Akuyar tana ɗaure, ina hango ta ta taga, amma har aka kira isha'i Hajiya tana neman ta. Na ci tuwona ni kaɗai, kujeru biyar suna kallona. A ɗaki ko ba komai ba wanda ya san an bar ka, a falo kuwa har da shaidu. Wata rana miya ce za ta kama, wata rana maƙwabciya ce ba ta jin daɗi, wata rana kuma ta riga ta ci tun la'asar. Da Sallah ta zo yara da jikoki suka taru, na ce yau marigayi zai ga ranarsa. Kowa ya zuba abincinsa a kansa, ya yaba kyansa, ya ɗauki farantinsa ya sauka ƙasa gaban talabijin.

Ciwon ajalinsa ya fara da flas ɗin shayi. Ƙaramin abu ne, kore, ba wanda zai gan shi ya yi zaton annoba. Ya kwana bisa tebur, na ƙyale shi. Da gari ya waye ya samu abokan zama: gwangwanin madara, tocila, da abin cajin da ba a san wayarsa ba. Ni kuwa na yi shekaru ina riƙe da makaranta, na san ɓarna tun tana ƙarama ake tare ta, don haka na kafa doka cewa duk abin da ba a ci kada ya kwana bisa tebur. Hajiya ta ce to, Malam. Kashegari na dawo daga masallaci na tarar da faifan busasshiyar kuɓewa, da tiren tattasai, da ƙullin daddawa, da ƙwaryar garin kuka, an jera su reras. Na tsaya ina kallo. Babu wanda ba a ci a cikinsu.

Ba a bar shi babu magani ba, Allah ya gani. Na kafa ƙusoshi a bango don makullai da carbi da huluna. Na sa Halliru ya yi kanta mai hawa uku. Na sayo babban kwando na ajiye a bakin ƙofa, na ce duk mai shigowa da kaya ya sauke nan. Ƙusoshi suka cika, kanta ta cika, kwando ya cika har ya haifi ƙaramin kwando, teburin kuwa bai ragu da ko cokali ba. Mashkura ta bugo daga birni ta ce a waya ta gani, in aka shimfiɗa masa kyakkyawar leda aka sa tulun furen roba a tsakiya, mutane za su ji nauyin ɓata shi. Na yi. Kafin mako ya zagayo tulun furen ya zama gidan biro da almakashi da tsinken sakace, ledar kuwa ta tafi shanyar barkono. Mashkura ta ce to in riƙa jera farantai tun da safe, kowa ya ga wurin yana da masu shi. Na jera. Hajiya ta yaba dabarar, ta ce dama tana neman inda za ta ware maɓallai da allurai.

Kullum bayan asuba nakan naɗe hannun riga in kwashe komai, in goge shi da tsumma har ya koma ƙyalli, sannan in tafi fadama duba albasa. Kafin azahar ciwon ya dawo. Wani lokaci ma rediyona da tabarauna da hulata nake tararwa, abubuwan da na tabbata a ɗaki na bar su, an kawo an ajiye a tsakiya, yadda in zan yi faɗa sai dai in fara da kaina.

Daga nan cuta ta shiga jini. Irin albasata na baɗi, da ke cikin gwangwanaye, aka ce ɓera ya gano maɓoyarsa, babu wurin da ya kai tebur tsaro. Zakiyya ta kawo keken ɗinkinta ajiya, wai sai sun gama gyaran ɗaki. Jikoki suka zo hutu suka bar jakar Islamiyya da littattafan karatunsu a ciki. Na ɗaga jakar zan sauke, Hajiya ta leƙo daga ƙofa.

"Malam, ƙasa kaka so a aje su?"

Na mayar da jakar inda take, har da gyara mata zama.

Duk da haka ban saki ba. Na riƙe kusurwa ɗaya, daidai faɗin kwano, ina kai tuwona can ina ci, keken ɗinki a damata, gwangwanaye a haguna. Na ce ko ba komai a san gidan yana da tebur.

Abin da ya kwantar da shi gaba ɗaya shi ne daminar bara waccan, lokacin da jita-jita ta cika gari cewa madatsar Goronyo ta cika, ruwa yana nan tafe. Kowa ya shiga neman tudu. Sai aka tuna a duk layinmu babu abin da ya kai teburin Malam tsayi da faɗi. Ban san wanda ya tuna musu ba, ko da yake yanzu ina da zato. Matan unguwa suka riƙa sallama: wannan da akwatin lefen 'yarta, wannan da kwanonin samira, wannan da injin taliya, wata da rabin buhun gero. Ruwa ya tsaya a fadama bai shigo gari ba, alhamdu lillahi. Kayan ma ba su fita ba. Kowa ya san amana ba a taɓa ta, kuma ba a aika wa maƙwabci a ce ya zo ya kwashe kayansa, sai ka ce an yi faɗa. Na riƙa tare mazajensu a ƙofar masallaci da doguwar gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya wurin ajiya. Kowa ya ce lafiya lau, ya ƙara da godiya.

A ƙarshen jinya wata baƙar kaza ta shigo, ta sami kwanon samira a buɗe can sama, ta yi ƙwai, ta kwanta. Na ɗauko sanda. Hajiya ta ce ai ta riga ta sa mata ƙwan zabi, in aka tashe ta sun lalace, alhakin rayukan kuma ba a wuyanta ba. Na ajiye sandar, a kan teburin, don babu wani wuri kusa. Tun daga ranar ban ƙara ganin fuskar marigayi ba. Kusurwar tawa ma injin taliya ya gaje ta, na koma ɗaki da tirena kamar yadda nake a dā. Ko ƙiiƙ ɗin nan ya daina, domin babu sauran inda gwiwar hannu za ta sauka.

Na aika Goronyo aka ɗauko Halliru, tunda shi ya san asalinsa. Ya durƙusa ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya ƙwanƙwasa nan, ya girgiza can, kaza tana yi masa gargaɗi daga sama. Ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

"Malam, lahiyatai lau. Katakon ga shina kai jikokin jikokinka. Samanai dai na ban gani ba."

"To mi za a yi?"

"In kana so in sa mai ƙyaure da kwaɗo, shi koma kabad gaba ɗai. Dama aikin da shika yi ke nan."

Na raka shi har bakin hanya, na dawo.

Wadda ta gano asalin ciwon yayata ce, Yaya Kyauta, da ta zo daga Kagara da ƙullin bandar kifi. Ta shigo falo, ta duba inda za ta ajiye, ta ɗora bisa keken ɗinki. Na zaunar da ita na kwashe labari tun daga flas har kaza, na haɗa da cewa gidan nan ba a san darajar tsari ba. Ta bar ni na gama, tana tauna goro.

"Lauwali, shekara nawa kuna tare da yarinyag ga?"

Yarinyar tana da jikoki cike da tsakar gida, amma a wurin Yaya har gobe amarya ce.

"Sun haura talatin, Yaya."

"Ka taɓa ganin ta kai loma baki?"

Na buɗe baki zan ce sau dubu, sai na tsaya. Na ga tana shan ruwa. Na ga tana ɗanɗana gishirin miya a tafin hannu, ta juya baya. Shekarar da muka je Makka aka kawo abinci a jirgi, muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ta ce ƙamshinsa bai yi mata ba. Tuwo kuwa, ko shinkafa, ko tsokar nama, na bincika shekarun nan kaf ban samu ba.

"Kunyakka taka ji, kai ko ba ka da labari," in ji Yaya. "Mu haka anka tashe mu. Ni har maigidana yak koma ga Allah bai ga haƙorina bisa nama ba. Kai kuma ka tashi ka kawo mata dandamali tsakad ɗaki, ka aje kujera gaba da gaba, ido cikin ido kamar gaban alƙali. Ba ta iya ce maka a'a. Shi na tas samu wanda ba shi magana tana ɗora mai."

Na ce to ai da sai ta faɗa mini.

"Tahi ka tambaye ta, tana tsakar gida. Ni ban zo shari'a ba, kihi nik kawo."

Na same ta a gindin dogon yaro tana tsintar shinkafa a faifai. Na daɗe a tsaye, don ban saba fara irin wannan magana ba.

"Hajiya, ashe ke kinka kashe teburin ga."

Ba ta ɗago ba. "Ni flas ɗai nis sa mai, Malam. Sauran jama'a sunka taimaka."

"Mi yah hana ki hwaɗa mani ba ki son shi?"

"Kac ce gidan ɗan boko ya kamata da tebur. Ni ko ba ɗiyar boko ba ta. Nic ce in don boko na, boko shi zo shi zamna."

Na jawo 'yar ƙaramar kujera na zauna. Na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ranar da na fara zuwa gaida iyayenta. Amma na riga na taso, sai na faɗa.

"Ba don boko ba na. Tun da Iliyasu yar rasu, Mainasara yat tahi, tuwo ba shi wuce mani. Ba ni son ci ni ɗai, Habi. Shi ke nan."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafa. Na manta rabon da in kira ta da sunanta haka tsirara.

"Shi na kaka rage tuwo?"

"Shi na."

"Ni ko ina nan ina sake miya kullum, ina ƙara man shanu. Na aza hannuna na yal lalace. Har Zakiyya nit tambaya ko akwai wani sabon haɗi da ban sani ba."

Na ji tausayinta, na ji tausayin kaina, na kuma ji tausayin marigayi, wanda ya yi shekara huɗu yana ɗauke da maganar da mutum biyu suka kasa yi wa juna, ga kuma injin taliya.

Sai da ta gama tsintar shinkafarta tsaf sannan ta kafa sharuɗɗa, idonta a kan faifai.

"Bisa tabarma, ba bisa kujera ba. Gehe da gehe, muna kallon tsakar gida. Kowa da kwanonai. Ka kunna rediyo, don kada ka ji tamnata. In kad dube ni, na tashi."

"Na yarda."

"Teburin ga kuma ka bar shi shi huta. Ka bar tashi da asuba kana goge shi kana tsaki. Ka hwaɗa ma mutane ya ƙare, kowa shi ji, don kada wata rana ka ce mu koma bisa."

Wannan sanarwa ita ce cika sharaɗi na ƙarshe. Sai an yi masa sutura za a shimfiɗa tabarmar, haka ta ce, kuma na san halinta, ba ta ragi.

Marigayi ya rasu ya bar kujeru shida, huɗu lafiyayyu, ɗaya tana tokare ƙofar falo kada iska ta rufe ta, ɗaya kuma tun bara tana ƙarƙashin darduma da buta. Ya bar flas kore, wanda shi ne babba a cikin magada. Ya bar keken ɗinki, da injin taliya, da irin albasar da lokacin shukarsa ya wuce, da akwatin lefen yarinyar da yanzu take goyon ɗanta na fari. Ya bar baƙar kaza da 'yan zabin da ta ƙyanƙyashe, waɗanda ba su san wata ƙasar haihuwa ba sai shi. Ya bar kanta da kwando da ƙusoshi, waɗanda aka kawo don su yi jinyarsa suka ɗauki ciwon. Ya kuma bar ni, wanda ya so shi tsakani da Allah, ko da yake na ɗora masa aikin da ba na katako ba ne.

Saƙonnin gaisuwa sun fara isowa, muna godiya. Yazid ya bugo daga Rabah ya ce Allah ya ba da haƙuri, ina jin matarsa a bayansa tana danne dariya. Zakiyya ta ce Allah ya sa ya huta, kuma don Allah kada a taɓa mata keke. Alhaji Mainasara ya bugo daga Sakkwato, muryarsa ta yi rauni amma bakin yana nan.

"Lauwali, da ka shawarce ni da ba ka wahala ba. Abin da ba a naɗe shi a jingine ga bango, ina shika zama wurin cin tuwo?"

Na ce ya yi gaskiya, abin da ban taɓa ce masa ba a duk zamanmu na ƙofar gida.

Iyalai sun yafe wa duk wanda yake da hannu a wannan rashi. Ba a zargin kowa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, musamman mata, kada a yi wa Hajiya wata tambaya, kada a yi mata wani murmushi. Yaya Kyauta, da ke nake.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gidana da ke Wurno. Babu wanka, babu salla, liman ya riga ya yi bayani. Ba za a fitar da gawa ba, don sai an sake cire ƙyaure. Majiya ƙarfi huɗu za su tura shi jikin bango, a lulluɓe abin da ya lulluɓu da tsohon zanen gado, ya ci gaba da riƙon kaya a matsayin da aka zaɓar masa. Masu amana a kansa, wannan rana taku ce: a zo a yi gaisuwa, in da hali a fita da abin da aka shigo da shi, ba don mun gaji ba. Kujeru biyu za su tafi masallacin unguwa don dattawa masu ciwon gwiwa, biyu Rabah, ɗaya Goronyo. Ɗayar Hajiya ta ce a bar mata, tana da abin da za ta ɗora. Kada kowa ya wahalar da kansa da abincin sadaka, babu inda za a ajiye.

Za a karɓi gaisuwa daga la'asar zuwa kiran magariba, ranar da kuma kwanakin da ke biye. Daga an idar da magariba zuwa isha'i kuwa, ina roƙon jama'a da girman Allah, kada a yi sallama, kada a yi aike, kada a bugo waya, daga wannan Juma'a har abin da Allah ya nufa. Wanda ya biyo ta ƙofar gida ya ji rediyo yana tashi fiye da kima, ya yi haƙuri ya wuce. Muna ciki muna cin tuwo, ni da Habi, kuma ba ni da izinin waiwaye.